Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ba shekara 70 baya, kuma yau shekara shida ke nan da likitocin ido suka tabbatar mata da cutar gilakoma, wadda jama'a suka fi sani da hawan jinin ido. Kafin a gano cutar, ganin idonta na hagu ya riga ya yi nisa. Na daman ne ake ta lallaɓawa da wani magani da take ɗigawa sau ɗaya a kowane dare kafin ta kwanta. Da yake sayen maganin a wuyana ya rataya, na san lissafinsa kamar yadda na san kuɗin makarantar 'ya'yana. 'Yar kwalba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma takan kai ta ƙarshen wata ba tare da ta gaza ba.

Kwanakin baya na je gaishe ta, na tambayi lafiyar ido, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ai kwana huɗu ke nan ban ɗiga ba, ɗan nan. Kwalbar ta ƙare, na ga kuma wata bai yi nisa ba, ban so in ɗora maka wani nauyin ba." Da na bi diddigi, sai ta bayyana cewa 'yar yayana da ke zaune a wurinta, wadda ta kammala digiri tana jiran tafiya hidimar ƙasa, ita ce ta tsiyaye rabin maganin a wata tsohuwar kwalba. Dalili kuwa shi ne ta daɗe tana lura da yadda gashin idon Gwaggo ya yi zara-zara, baƙi wuluk kamar na budurwa, har sukan yi wasan jika da kaka a kan haka, tana cewa kishiyar tata ta sami wani sirri ta ɓoye mata. Da ta bincika sai ta gano cewa sirrin yana cikin kwalbar, ta riƙa shafa shi a gefen idonta da tsinken kwalli.

Da na tsare ta da magana, amsar da ta ba ni ita ce musabbabin wannan rubutu. Cewa ta yi, "Baffa, ka yi haƙuri, ban san zai ƙare da wuri ba. Amma ai magani ɗaya ne da wanda matan Amurka ke saye da tsada don gashin ido, suna ne kawai ya bambanta." Ni ba likita ba ne, fagena shi ne nazarin harshe, kuma duk wanda ya yi shekaru yana koyar da ilimin ma'ana ba zai ji an ce "suna ne kawai" ya wuce ba, domin kuwa Bahaushe ya riga ya ce suna linzami ne. Maganar yarinyar rabinta gaskiya ce tsantsa, ɗaya rabin kuma shi ne zai iya makantar da mutum.

Bari mu fara da ɓangaren gaskiyar. A shekarar 1996 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon maganin hawan jinin ido mai suna latanoprost, wanda aka fito da shi kasuwa da sunan Xalatan. Ba a jima ba likitoci suka fara lura da wani abin da ba shi aka nufa ba. A 1997 wani likitan ido a birnin Siyatil, Murray Johnstone, ya wallafa bayanin cewa marasa lafiyar da ke ɗiga maganin a ido ɗaya, gashin wannan idon ya fi na ɗayan tsawo da kauri da baƙi. A 2001 kamfanin Allergan ya sami izinin sayar da wani ɗan'uwan wannan magani mai suna bimatoprost, ya laƙaba masa Lumigan, shi ma kuma ya nuna wannan hali. Abin da a takardar da ke cikin kwalin Lumigan aka lissafa cikin illolin magani, shi ne kamfanin ya hango a matsayin haja. A watan Disamba na 2008 hukumar ta ba shi izinin sayar da wannan sinadari dai, a ƙarfin kashi 0.03 cikin 100, da sabon suna Latisse, domin masu ƙarancin gashin ido. Aka ɗauko 'yar fim ɗin nan Brooke Shields ta yi tallarsa, aka sa masa farashin kimanin dala 120 na wata guda.

Maganin kuwa yana aiki, ba yaudara ba ce. A gwajin da aka yi wa mutum 278 kafin a ba da izini, bayan mako 16 kimanin kashi 78 cikin 100 na masu shafa shi sun sami canjin da ido ke iya gani, alhali a cikin waɗanda aka ba su ruwan da babu sinadarin a ciki kashi 18 ne kawai. A matsakaicin lissafi gashin ya ƙara tsawo da kashi 25 cikin 100, yawansa da kaurinsa sun ninka, baƙinsa ya ƙaru da kashi 18. Bayanin masana shi ne kowane silin gashi yana da lokacin tsiro da lokacin hutu da lokacin zuba, sinadarin kuma yana tsawaita lokacin tsiron ne. Shi ya sa da zarar an daina shafawa, cikin 'yan makonni ko watanni gashin zai koma yadda yake a da.

Irin wannan sauya sheƙa ba baƙon abu ba ne a duniyar magunguna. Minoxidil maganin hawan jini ne kafin a lura yana tsirar da gashi, a mayar da shi maganin sanƙo a 1988. Allurar Botox an fara amincewa da ita ne a 1989 domin masu harara-garke da masu ƙyaftawar ido ba da son ransu ba, sai a 2002 ta zama ta gyaran tamojin fuska. A baya-bayan nan ma mun ga yadda maganin ciwon sukari Ozempic na 2017 ya sake fitowa a 2021 da sunan Wegovy domin rage ƙiba, har ta kai masu ciwon sukari a ƙasashe da dama sun yi ta fama da ƙarancinsa saboda rububin masu son ramewa. Abin da ya faru a ɗakin Gwaggo ƙaramin hoto ne na wannan lamari.

A nan ne sana'ata ta shigo. Kowane magani na zamani yana da suna iri biyu, waɗanda zan kira sunan yanka da laƙabi. Sunan yanka shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take raɗa wa sinadarin, a ƙarƙashin wani tsari da ta fara fitar da jerinsa a 1953, kuma ba mallakar kowa ba ne. An gina shi ne yadda zai faɗi asalin magani da danginsa, kamar yadda Bakano ko Bakatsine ke faɗin garin mutum. Duk sunan da ka ga ya ƙare da "prost", kamar latanoprost da travoprost da tafluprost da bimatoprost, ɗan gidan sinadaran nan ne da ake kira furostagilandin. Laƙabi kuwa kamfani ne ke ƙirƙirarsa, ya yi masa rajista, kuma manufarsa ba ta bayyana asali ba ce, ta jan hankali ce. Ga kunnen mai jin Turanci, Lumigan yana ɗauke da amon kalmar Latin ta haske, ya dace da asibiti. Latisse kuwa yana farawa da sautin kalmar Turanci ta gashin ido, yana ƙarewa da taushi irin na sunayen turarukan Faransa, ya dace da gaban madubi. Ko sunan larurar ma an zaɓe shi da hikima, domin an haɗa kalmomin Girkanci guda biyu masu ma'anar ƙaranci da gashi, sai abin da a da ake ɗauka halitta ce kawai ya sami suna irin na cuta. Ba na musun cewa akwai masu buƙata ta haƙiƙa, musamman waɗanda maganin sankara ya kakkaɓe musu gashin ido, kuma bincike ya nuna yana taimaka musu. Amma kasuwar ba a kansu aka gina ta ba.

Idan haƙƙin mallakar ƙirƙira ya ƙare, wasu kamfanoni kan sami damar yin maganin su sayar da shi da sunan yanka, ko su raɗa masa nasu laƙabin, kamar Careprost da kamfanin Sun Pharma na Indiya ke yi. Waɗannan su ne magungunan gama-gari, kuma farashinsu bai kama ƙafar na mai laƙabin asali ba. Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan, domin a cikinmu 'yan boko akwai masu ganin duk abin da ya yi araha jabu ne, suna kafa hujja da karin maganar nan cewa araha ba ta ado. A fagen magani wannan ba ƙa'ida ba ce. Maganin gama-gari da hukuma ta tantance, ta yi masa rajista, sinadarinsa da ƙarfinsa ɗaya ne da na mai tsadar, kuma ba don irinsa ba da mafi yawan masu hawan jinin ido a ƙasar nan ba su iya riƙe magani na wata uku a jere ba. Ita kanta Gwaggo irinsa take ɗigawa. A Amurka ma yanzu akwai na gama-gari da aka amince da shi domin gashin ido. Saboda haka wanda ya ce rarar kuɗin da ake biya a kan Latisse mafi yawanta kuɗin suna ne da talla, bai yi ƙarya ba.

To ina kuskuren 'yar tawa yake? Kuskuren shi ne zaton cewa suna fanko ne, ba ya ɗauke da komai. Laƙabi kan zo ne da umarni a goye. Wanda ya sayi kwalin da aka yi domin gashin ido, zai tarar da tarin ƙananan burusai masu tsabta a ciki, kowane ido da nasa, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Zai tarar da takarda da ke cewa ɗigo ɗaya ake sa wa a burushin, a ja shi a gindin gashin fatar ido ta sama kawai, ban da ta ƙasa, a goge abin da ya zuba a kunci, sau ɗaya da dare, kuma ƙarawa ba ta sa gashi saurin fitowa. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido sai ya cire shi, ya jira minti 15 kafin ya mayar. Sama da duka, ba a sayar da shi a can sai da takardar likita. Wanda kuwa ya ɗauko kwalbar hawan jinin ido, umarnin da ke cikinta na wani aiki ne dabam, cewa yake a ɗiga a cikin ido. Ƙarfin ma ba lallai ya zo ɗaya ba, domin tun 2010 akwai Lumigan mai kashi 0.01, wato sulusin ƙarfin Latisse. Sinadari ɗaya ne, amma hanya biyu ce, kuma wanda ya ɗauki sinadarin ya bar hanyar, ya hau doki ne babu linzami.

Illolin kuma ba ƙanana ba ne, kuma ba su san laƙabi ba, mai tsada da mai araha duk suna da su. Akwai ƙaiƙayi da jan ido da bushewa. Akwai duhun fatar da ke kewaye da ido, wanda galibi yakan washe idan an daina, amma kafin nan mai neman kyau ta sami zobe baƙi a fuska. Akwai tsirowar gashi a duk inda ruwan ya saba taɓawa, ko a kunci ne. Akwai ƙaruwar duhun da'irar nan mai launi ta ƙwayar ido, wadda takardar maganin kanta ta ce mai yiwuwa ba ta komawa. Mu masu baƙin ido wannan bai cika bayyana a gare mu ba, amma ba haka abin yake ga mai ido ruwan zuma ba. Sai kuma wadda ta fi tayar mini da hankali, wato zaizayewar kitsen da ke kewaye da gurbin ido, har idon ya faɗa ciki, fatar sama ta yi rami, budurwa ta ɗauki kamannin wadda ta tashi daga doguwar jinya. Masu kumburin cikin ido, da wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, da masu juna biyu, duk sai likita ya duba lamarinsu tukuna. Ko a Amurka, a 2009 hukumar magunguna ta rubuta wa kamfanin takardar jan kunne saboda tallarsa ta rage wa waɗannan haɗurra nauyi. Idan inda doka ke da haƙora an yi haka, mai karatu ya ƙiyasta abin da dillaliyar kayan kwalliya za ta faɗa wa amarya.

Ban da wannan akwai batun tsabta. Tsohuwar kwalba da tsinken kwalli da aka yi ta zagayawa da shi hanya ce ta kai ƙwayoyin cuta ga ido, kuma gyambon baƙin ido yana iya barin hakiya ta har abada. Mu da muka gaji kwalli kaka da kakanni mun saba ganin gefen ido wurin ado ne da ba ya cutuwa, alhali a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwallin da aka kai daga gida, wanda da aka auna shi aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Haka nan wasu ruwayen gyaran gashin ido da ake sayarwa a matsayin kayan shafa suna ɗauke da dangin wannan sinadari a ɓoye. A 2007 hukumomin Amurka sun ƙwace wani irinsu na kimanin dala miliyan biyu saboda an sami bimatoprost a ciki. Wanda ya san karatun sunan yanka, ya duba jerin sinadarai, in ya ga "prost" a cikin wata doguwar kalma, ya san magani ne ya yi shigar kwalliya.

Amma babban abin da ya sa wannan zance ya shafe mu fiye da matan Amurka shi ne cutar da aka yi maganin dominta. Gilakoma ita ce kan gaba a duniya wajen jawo makantar da ba ta warkewa. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa ita ce ta biyu bayan yanar ido, tana da kusan kashi 17 cikin 100 na makanta. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka yi a kan alƙaluman binciken ya nuna kimanin mutum 5 cikin kowane 100 da suka kai shekara 40 suna da ita, kuma fiye da 9 cikin 10 na masu ita ba su sani ba. Galibi ba ta zuwa da ciwo, daga gefe take cin gani a hankali, sai ta kusa gamawa mutum yake farga, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Tana bin jini, kuma ta fi tsananta a baƙar fata.

Sunan da muka ba ta ma yana da nasa laifin. Hawan jinin ido ba jini ba ne ke hawa. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa yana fitarwa, idan mafitarsa ta ƙuntata sai matsi ya ƙaru ya danne jijiyar gani, maganin kuma aikinsa buɗe wa ruwan hanya. Na sha jin mutane masu ilimi suna cewa an auna jininsu lafiya lau, saboda haka ba ruwansu da ita, alhali awon hannu ba ya faɗin abin da ke cikin ido. To a duba matsayin 'yar tawa: cutar tana cikin danginta, kuma tana shafa sinadarin da ke iya sauke matsin ido. Idan wata rana ta je awo ba ta faɗa wa likita ba, ma'auni zai iya nuna abin da ba shi ne haƙiƙa ba. Wanda kuma yake ɗiga irin wannan magani don cuta, ya ƙara da shafa shi don ado, yana iya rage wa maganin nasa ƙarfi, kamar yadda takardar Latisse ta yi gargaɗi.

Ko ta fuskar halitta ma, tsawon gashin ido ba a banza aka ƙayyade shi ba. Wani bincike da masana a Cibiyar Fasaha ta Jojiya a Amurka suka wallafa a 2015 ya auna dabbobi masu shayarwa iri 22, ya tarar tsawon gashin idonsu kusan sulusin faɗin idon ne, kuma a wannan tsawo ne ya fi kare ido daga iska da ƙura. Idan ya zarce sai ya koma yana jawo iskar zuwa ga ido. Mu da ke shan ƙurar hunturu wata uku a shekara, wannan abin lura ne.

Shawarata ga 'yan'uwana ma'aikata da 'ya'yanmu ba ta haramta ado ba ce. Wadda ta ga lallai tana so, ta fara da zuwa wurin likitan ido a auna ta, ta faɗi tarihin gidansu, ta ji illolin da kunnenta. In likita ya yarda, na gama-gari mai lambar rajistar hukumar NAFDAC, daga kantin ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ba abin kunya ba ne, muddin an bi hanyar shafawa da burushi mai tsabta. Masu kantunan magani su daina miƙa wannan kwalba ga duk wanda ya ambaci sunanta ba tare da takardar likita ba. Hukuma kuma ta sa ido a kan ruwayen gyaran gashin ido da ke shigowa da sunan kayan shafa. Mu malaman harshe da 'yan jarida namu aikin shi ne mu zauna da likitoci mu samar wa wannan cuta bayani da Hausar da ba za ta ɓatar da mai sauraro ba. Duk wanda ya kai shekara 40 kuwa, ko yake da mai cutar a gidansu, ya je a duba masa ido ko da yana gani tangaran. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa na jihohinmu don haka aka kafa su.

Na sayo wa Gwaggo sabuwar kwalba a daren nan, kuma washegari na kai su asibiti su biyu, kaka da jika. An tarar matsin idon Gwaggo ya ɗan hau, likita ya yi mata faɗa a kan kawaicin da ta yi, ya sa mata ranar dawowa. Ita kuma yarinyar an duba ta, aka ce ta daina shafawa ta dawo a sake awo, kuma ta riƙa zuwa a kai a kai saboda tarihin gidanmu. A hanyarmu ta komawa Gwaggo ta dube ta, ta ce, "Ke kishiya, gashin nan da kike hange ni ban roƙe shi ba. Da za a karɓe shi a maido mini da idona na hagu, da tuni na bayar." Babu wanda ya ƙara cewa uffan a cikin motar har muka isa gida. Allah Ya tsare mana ganinmu.